Madarar da Muka Ɗura wa Falalu

Lahadi, 20 ga Mayu, 2018
Shekara sha tara ina girki a gidan Alhaji Muhammad Sani, har yau "mutumin Zonkwa" nake. Falalu direba kaɗai ke ce min Kawu. Wai ya ajiye ƙwaya saboda azumi. Na ce Allah ya sa. Ban yarda ba.

Alhamis, 7 ga Yuni
Ya riƙe fa. Hannunsa ya daina rawa. Malmala uku ya tashi da ita da buɗa-baki.

Asabar, 16 ga Yuni
Washegarin Sallah. Na gan shi bayan gareji da katin ƙwaya, wata irin kala da ban taɓa gani ba. Tun da aka hana maganin tari masu sayarwa ke gauraye-gauraye, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ya ce, "Kawu, gobe zan huce gajiya. Ƙwaya huɗun da na saba, ba ƙari."
Na taɓa aikin shara a asibitin mishan. Na san jikin da ya huta wata guda ba ya ɗaukar abin da ya saba. Na sani. Na ce a raina baƙo ba ya wa'azi a garin mutane, na koma kan albasata.

Lahadi, 17 ga Yuni
Na dawo daga coci na tarar da shi rigingine a ɗakinsa, yana wani irin minshari, leɓɓa sun yi baƙi. Ƙaninsa Zubairu maigadi yana sheƙa masa ruwa. Hajiya Binta matar Alhaji na kuka, ta ce kada maganar ta kai ga Hisba, a ba shi madara, tana kashe dafi. Ni na fasa gwangwanin. Ni na riƙe kansa aka ɗura masa.
Sai bayan azahar muka kai shi asibiti.

Litinin, 18 ga Yuni
An binne shi. Na tsaya daga bakin maƙabarta.

Laraba, 20 ga Yuni
Wata nas a asibitin ta ce madarar ce ta shiga huhunsa. Da mun kwantar da shi ta gefe, mun kawo shi nan take... Ba na ganin laifin Hajiya. Ta ji tsoron bakin duniya, ni ma shi na ji ranar Asabar.

Juma'a, 6 ga Yuli
Zubairu, da ko gaisuwata ba ya amsawa, yau na ga irin katin nan a aljihunsa. Na ce, "Jefar da shi. In ka ƙi, kada ka sha wanda ba ka san kalarsa ba, kada ka sa wa ƙofa sakata, kada ka sha kai kaɗai."
Ya ce, "Ina ruwanka, mutumin Zonkwa?"
Gaskiyarsa. Ina ruwana.

Lahadi, 8 ga Yuli
Kicin ya yi zafi, shi ya sa na fito da albasata bakin get. Ƙofar ɗakin Zubairu a buɗe take. Daga nan ana jin numfashinsa.