Baba, Laminu Ya Fitar da Tanonka Waje

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai nama,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da uba, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau. Inna tana fama da gwiwa amma tana cin abinci, jikokinka kuma sun yi tsawo. Kai ka koya mini kada in kawo ƙara kafin in gama gaisuwa. To, na gama. Ƙarar ɗanka Laminu na kawo, kuma a fili nake rubutawa don shi ma ya karanta.

Ka tuna tanon nan, wato duron man da ka tsaga biyu ka yi masa ƙafafu, wanda kake gashi a kai a bayan gidanmu na garin Vénissieux, a nan ƙasar Turawa? Bara Laminu ya sayo wata 'yar na'urar banda nama ya ajiye kusa da shi. Bana ya ce ta yi masa kaɗan, ya sayo uwarta, mai ɗaukar rago guda. Ba ta cin gawayi. Wasu ƙwayoyin garin katako ake zuba mata, kamar kashin awaki, a jona ta da lantarki, a rufe murfi, a tafi. In nama ya nuna, wayarsa ce za ta yi ƙara. Da filin bayan gidan ya yi kaɗan, sai ya ja tanonka zuwa bakin titi, inda motar kwashe tarkace take ɗauka.

A can na same shi ranar Sallar Layya da na iso daga Paris, an kife shi ƙafafu sama. Wallahi Baba, sai da na ajiye jakata na tsaya, don raina ya ɓaci.

Kada ka ce a kan tsohon ƙarfe nake wannan faɗa. Ka san abin da nake nufi. Duk Layya, in ka karɓo rago daga abbatuwa, sai ka hau kiran mutanen fuwaye, wato gidajen nan na ma'aikatan da iyalansu suke can gida. Ban taɓa jin ka ce wa ɗayansu ya zo ya ci nama ba. Cewa kake yi, “Malam, taimaka mini don Allah, hannu ya yi mini kaɗan.” Wannan ya yanka, wancan ya daka yaji, wani ya soke tsinke. Baba Isa kuwa, abokinka ɗan Cadi, nasa aikin fifita wuta da guntun kwali, kuma ba wanda ya isa ya taɓa masa.

Ina yarinya abin yana ba ni haushi. Na taɓa tambayarka yadda aka yi mutumin da ya tashi a teburin tsire a Maradi ya kasa hura wuta. Ka ja kunnena kaɗan ka ce, “Bar shi ya yi gumi, Rakiya. In ya yi aiki, zai ci da sakin jiki.”

Bana ma sun zo, duk sun tsufa, kowa cikin rigar Sallarsa. Baba Isa ya shigo da kwalinsa a hammata. Laminu ya tare su da murna, ya jera musu kujeru, ya raba musu lemo, ya ce, “Ku huta, yau ba mai taɓa komai, mashin za ta yi.” Har zagayawa ya yi yana nuna musu zafin wutar a fuskar waya. Suka zauna a layi, hannaye a kan gwiwa, kamar masu jiran takardu. Babu hayaƙi a ido, babu gardamar gishiri, babu mai ce wa wani ya ƙona nasa gefen. Ina kallo Baba Isa ya sunkuya a hankali ya tura kwalinsa ƙarƙashin kujera.

Ba zan yi maka ƙarya ba, naman ya yi daɗi. Ya yi laushin da ko Inna ba ta nemi wuƙa ba, kuma wannan ya ƙara mini takaici. Baba Isa ya ci yanka biyu ya goge hannu. Laminu ya miƙa masa ƙunshi ya tafi da shi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Allah Ya ba da ladar sadaka.” Sadaka, Baba! A gidanka, daga bakin mutumin da yake yi maka tsawa in ka tsaya masa a gaban wuta. Kafin la'asar duk sun watse, a gidan da a da sai Inna ta kore su.

Na yi wa Laminu tas. Ya ce ni dai ba na son ci gaba, wai me ya sa za a bar tsofaffi cikin hayaƙi alhali ga sauƙi ya zo. Na san ba mugunta ce ba, tausayi ne. Amma tausayin da zai zaunar da dattijo ya miƙa masa ƙunshi, ni ban ga amfaninsa ba. Shi da ya girma a gidan nan, ina idonsa yake duk shekarun nan?

Da gari ya waye na fita na ja tanon da hannuna, tsatsa ta ɓata mini zane, na dasa shi a gaban na'urar tasa. Na je unguwar Guillotière na sayo gawayi, na ciro cinyar da ta rage. Sannan na kira Baba Isa a waya na ce wuta ta ƙi kama mini, na rasa yadda zan yi. Sai ya ce, “Kada ki taɓa komai, ɓatawa za ki yi. Ga ni nan.”

Ya zo da mutum biyu. Kwalinsa yana nan inda ya bar shi, ya ɗauka ya hau fifita. Bai daɗe ba ya fara faɗa, wai wane ne ya jera gawayi haka, kuma ina Laminu da gishiri? Laminu ya fito da gishirin, fuska a murtuke, amma ya fito. Baba Isa ya ci har ya nemi ƙari, kuma da zai tafi bai yi wa kowa godiya ba.

Na dawo Paris, inda ko a baranda ba a yarda in hura wuta ba, don haka tanon yana hannun ɗanka. Na gaya masa ya riƙe na'urarsa, ya ƙara wadda ta fi ta ma in yana so, amma ranar da na sake ganin tanon nan a bakin titi, zai san ni ce yayarsa.

Saura abu ɗaya, Baba. Lokacin da na kira Baba Isa, ko ashana ban kyasta ba. Irin ƙaryarka na yi, kuma a lokacin ne kewarka ta kama ni. Allah Ya yafe mana ita, ni da kai. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.

'Yarka mai faɗa,
Rakiya