Na Baibaye Ɗakin Haya, Mai Gida Ya Ce Na Gaje Shi da Ransa

Assalamu alaikum Malam, da dukan 'yan'uwa masu karanta wannan takarda ta azuzuwan yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara. Malam, ka sakaya sunana, ka kuma yi haƙuri da rubutun, da girmana na koye shi.

Ni baƙo ne a Zuba, lemo da ayaba nake sayarwa a bakin hanyar Kaduna. Ina haya a gidan wani dattijo manomin doya, ɗan asalin garin, muna ce masa Baba. Ɗakin jinka ne, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu. Tun ana kashe sule nake cikinsa har aka kawo naira, ban taɓa bari wata ya mutu ban biya ba.

Bara jinkar ta fara yoyo, gara ta ci itacen. Na gaya wa Baba, ya ce sai an cire doya. Aka cire, ya ce ciyawa ba ta bushe ba. Ta bushe, ya ce ƙafa na damunsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, kullum amsata ita ce to Baba, Allah ya kai mu. Ruwan bana na sauka muka koma tara kwanoni a kan tabarma. Autarmu ta kamu da tari, a dispensare aka ce sanyin ɗaki ne. Rannan wani itace ya karye ya faɗo daidai inda take kwanciya, Allah ya sa uwarta ta goya ta.

Na je wurin Baba, aka ce ya tafi biki wajen Abaji. Sai na yi abin da ake yi a garinmu, na kira gayya. Abokaina na tasha suka zo, muka yanko ciyawa, maiɗakina ta dama kunu, wani ya zo da ɗan ganga don aiki ya yi daɗi. Kafin la'asar mun baibaye ɗakin tsaf. Na lura maƙwabta sun tsaya daga nesa suna kallo, ba wanda ya sa hannu, ba wanda ya sha kunun. Na zaci ƙyashi ne.

Da Baba ya dawo ko sannu bai ce mini ba. Ya tara 'yan'uwansa a tsakar gida, ya ce a gidansu ba mai kiran gayya da ganga a kan rufi sai mai gida, ko magajinsa bayan an binne shi. Ya ce a hanya har wata tsohuwa ta gan shi ta yar da tulu, don ta ji ganga ta ɗauka ya mutu. Wai na gaje shi da ransa. Na durƙusa, na rantse ban sani ba, na kai goro da zakara. Ya karɓi zakaran, ya ce in fita kafin sabon wata.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce laifina ne. Amma shekaranjiya na dawo daga tasha na tarar da Baba yana nuna wa wani direban tirela ɗakin, yana bubbuga jinkar da sanda yana cewa, Oga duba, sabuwa ce fil, ko ɗigo ba ta yi. Jinkar da ta zama abin kunya a bakinsa ita yake talla da ita! Da itacen nan ya faɗa wa 'yata, wace ganga za a kaɗa? Maƙwabtan da suka tsaya kallo, me ya hana ɗayansu ya ce mini bari?

Mai unguwa surukin Baba ne, ya ce gida na mai shi ne. Wani ya ce in kai ƙara wurin alƙali a Abuja, amma ban san ko ɗan haya yana da bakin magana a can ba. Abokaina kuwa sun ce in ba su izini kawai, su da suka ɗora jinkar su sauke ta, mu bar masa ɗakinsa yadda ya bar mana shi. Maiɗakina ta ce ita ba ruwanta da rigima, inda yarinya za ta kwana a bushe take so. Na zagaya Zuba, ba ɗakin haya a tsakiyar damina.

To 'yan'uwa, wanda ya san shari'a ya faɗa mini: ana korar mutum don ya gyara abin da mai gida ya ƙi gyarawa? In tafi Abuja, in sake durƙusa wa Baba, ko in bari a sauke jinkar? Watan ya kusa mutuwa. Tarin yarinyar bai daɗe da lafawa ba, kuma a ƙarƙashin rufin nan ya lafa.