Gilashin Kyamarata Ya Ƙara Wa Kawuna Ƙiba

Hajiya, don Allah ki taimaka mini. Yau kwana tara ke nan kawuna Maigandi ba ya amsa gaisuwata.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Safana. Da man fetur ya gagare ni, sai na sayar da babur na sayo wa babbar kyamarata gilashi mai zuƙo abu, mai lamba 24 zuwa 70. Tsakani da Allah gilashi ne na kirki. Nauyi gare shi kamar taɓarya, amma ko ƙuda ya sauka a hular mutum sai ya fito. In na murɗa zuwa 70, ruɓaɓɓen zanan da ke bayanka ma ba a gane shi. Aibinsa ɗaya: a 24, duk wanda ya tsaya a gefe sai ya yi faɗi. A wannan tsadar da kowa ya rame, samari har rigima suke yi a kan gefe.

To, wani ɗan garinmu da ke Abuja ya ce a tura masa hoton dattawan unguwa, zai aiko da shinkafa. Su goma sha bakwai ne, dole na buɗe 24 don kowa ya shiga. Kawu ya dawo daga garin Runka a makare, ya tsaya a gefe. Mutumin da wando ba ya zama a ƙugunsa, sai ga shi da kumatu kamar dillalin shanu. Mai shinkafa ya soke sunansa, wai wannan ai shi ya kamata ya bayar. Abin yana cina sosai, bakuna tara yake ciyarwa. Matarsa Zinariya kuwa ta liƙa hoton a ɗaki, ta hana a taɓa. In sayar da gilashin ne?

Mai Hoto, Safana

Ɗana Mai Hoto,

Kada ka sayar. Gilashin ya yi aikinsa, kai ne ka san halinsa ka bar dattijo a gefe. Kawunka yana da gaskiyar yin fushi, shi ma na Abuja abin da ya gani ya bi.

Gobe da safe ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Ka tsayar da shi a tsakiya, shi kaɗai, ka murɗa zuwa 50, ka ja da baya. Ka tura sabon hoton tare da bayani, mai unguwa ya shaida. Na ɗaki kuma ka bar wa Zinariya abinta.

Ranar da shinkafar ta iso, in za ka ɗauki hoto, buhun za ka ajiye a gefe. Allah ya daidaita ku, ya kawo mana sauƙi.