Tabarmar da Ta Kalli Yamma

Tarai, ranar Litinin

Zuwa ga Babana Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Fatima Zahra'u da jikokina. Ya aiki, ya ruwan Kaduna? Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya kama biro bayan shekara hamsin ne. Ban kira ka a waya ba, don ka san gidan nan, da na ce salamu alaikum kowa ya miƙo kunne.

Maganar ƙanwarka Zulaiha ce. Tun da jaririnta ya koma ga Allah, wata biyar ke nan, ba ta dawo daidai ba. Ba barci, ba ci, ba magana. Makon jiya ta ce mini a waya ta fara yoga kullum da safe. Ni na ɗauka yogot ta ce, har na yi murna bakinta ya buɗe, na sa Fulanin Fassi suka kawo mini kindirmo mai kauri na aika mata Rano.

Ashe ba abin sha ba ne. Jiya surukarta Hajiya A'isha ta aiko cewa kullum da hantsi Zulaiha tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta yi ruku'u, ta yi sujada, ba alwala, ba hijabi, kuma ta ba gabas baya, yamma take kallo. Hajiya ta ce in har Juma'a ta sama ba ta daina ba, mu je mu ɗauko ta a nema mata magani a gida.

Babana, abu biyu nake tsoro. Ko dai kanta ne ya taɓu, ko wasu ne suka ja ta wata hanya. Gobe zan bi motar Rano in gani da idona. Ka sa ta a addu'a.

Ka gaida kowa da kowa.

Mahaifiyarka,
Saude

Rano, ranar Alhamis

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin, haƙoran sun fito? Daga ɗakin ƙanwarka nake rubuto maka.

Jiya na laɓe a bakin ƙofa na kalle ta. Ta dafa ƙasa da hannuwa, ta gantsare baya kamar kyanwa ta tashi daga barci. Ta miƙe ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin rafi. Daga nan ta zauna ta rufe ido, tana jan numfashi a hankali tana saki. Na kasa kunne sosai ko zan ji tana kiran wani suna. Ba abin da na ji sai numfashi.

Da ta gama na tambaye ta, ban ɓoye mata komai ba. Ta ce malamar asibitin da ta yi mata awo ce ta koya mata, da ta ga ƙwayar barci ba ta yi mata. Motsa jiki ne da daidaita numfashi, don ƙirji ya saki, kai ya huta. Kafin ta fara sai da mijinta Isiyaku ya kai ta wajen limamin unguwa, ya ce ba laifi muddin jiki ake motsawa, ba a haɗa shi da wata ibada ba.

Sai na kawo maganar yamma, wadda ita ce ta hana ni sukuni. Ta ce ba wanda ya sa ta. Ita ce ta ga wasu sunkuyon sun yi kama da na salla, shi ya sa ta juya tabarmar, don kada wata yarinya a gidan ta gani ta zaci wata sabuwar salla ce. Ta ce goshinta ba ya taɓa ƙasa yana kallon gabas sai don Allah.

Babana, ka ji fa. Yarinyar da nake tsoron hankalinta ya gushe, ita ce ta yi tunanin da ni ban yi ba. Abin da muka ɗauka alamar ɓata ce, ashe tsare addininta take yi. Kunyar suruka ce ta hana ta yi wa Hajiya bayani, ita kuma Hajiya ba ta taɓa zaunar da ita ta tambaya ba, ga Isiyaku kullum yana gona tun asuba.

Ni na je na sami Hajiya, na faɗa mata komai kaina a sama. Ta ce sai ta gani. Don ta gani ɗin, yau na ɗaure zane na hau tabarmar, na ɗaga ƙafa ɗaya. Ban kai ƙirga uku ba na rungumi turmi. Zulaiha ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da a ji wannan dariyar a gidan tun kafin haihuwa. Na ga Hajiya ta leƙo ta taga, ta daɗe ba ta saki labulen ba.

Ka gaida mutanen gidan.

Mahaifiyarka,
Saude

Tarai, ranar Lahadi

Babana,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Na dawo gida ni kaɗai, kuma ni kaɗai ɗin nake so in dawo.

Ranar Juma'a Hajiya da kanta ta ce ɗiyarta tana ɗakinta, ba inda za ta. Har ta tambayi Zulaiha a ɓoye ko akwai wanda ake yi saboda ciwon gwiwa, wai ba don ita ba, don wata ƙawarta.

Ban ce ta warke sarai ba. Tana kuka wani lokaci, ni ma ina yi. Amma tana barci, tana cin tuwo har ta nemi ƙari. Ga kuma abin da na fi so ka sani. Jiya da safe, bayan ta naɗe tabarmarta, ta buɗe akwatin kayan jaririn. Ta wanke 'yan rigunan, ta shanya, ta ninke. Maƙwabciyarsu ta haihu, jiya ne suna. Na ce ta kawo in kai mata, ta ce a'a. Ita ta kai da ƙafarta, ta karɓi yaron, ta sa masa rigar da hannunta.

Ina tsaye a bayanta wata mata ta tambayi 'yar waye wannan. Ban bari kowa ya riga ni amsawa ba.

Allah ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mahaifiyarka,
Saude