Ruwan Tsamiyar Habibu

Yaya Salisu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya jikin Hauwa da yara? Mu nan unguwar Briqueterie sai godiya.

Tunda rikici ya rufe musu labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, autanmu Habibu ya dawo da bincikensa gida. Ya jiƙa garin dutse a ruwan tsamiya, wai tsamin zai tsotso ƙarafan nan masu wuyar samu. Jiya Inna ta tsiyaye ruwan a kwata, ta wanke masa garin tas, ta shanya. Ashe ƙarfen yana cikin ruwan! Hanyar da ake kawo dutsen kuma ba ta biyuwa yanzu.

Habibu ko abinci ya kasa ci, ni kuma na rasa bakin gaya wa Inna ɓarnar da ta yi. A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Har yanzu Inna jira take ya gode mata.

Ƙanwarka,
Rabi