Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Damagaram, ranar Lahadi

Zuwa ga maiɗakina Aliya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ce. Yaya mutanen Takieta, yaya gajiyar jinya? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kin ce a waya muryata ba daidai take ba. Kin yi gaskiya. Maganar ce ba ta waya ba, shi ya sa na ba Bukar direba wannan takarda ya kawo miki.

Kin san kaset-kaset ɗin Iya, waɗanda kike cewa sun cinye miki rabin akwati. Tun ina sabon mushe, ina koyar da yara a lakwal ɗin Gidimuni, na fara naɗar su: tatsuniyoyinta, waƙoƙin niƙa, da labaran tabkin garinmu da ta ji a bakin kakarta. In na taso daga aji sai in zauna bakin ƙofar ɗakinta da rediyona, in yi ta tambaya tana amsa wa bango, daga baya in bi in rubuta. Bara autanmu Sha'ibu ya zo ya ce wani ɗakin karatu a nan gari yana tara muryoyin tsofaffi, yana zuba su a intanet don kowa ya ji ko daga ina yake. Na ba shi komai da hannu biyu, har ina sa masa albarka.

To, jiya ya turo wa dangi aikin a waya. Kowace murya da ɗan bayaninta: sunan tatsuniya, gari, shekara, sai sunan mai ita, Shatu Ɗan Azumi Gidimuni. Da na ga sunan Iya a rubuce sai da idona ya cika. A ƙasa kuma akwai wurin da suke jera sauran waɗanda suka sa hannu, kowa da irin aikinsa. Mai naɗar murya, Sha'ibu. Mai tambayoyi, Sha'ibu. Mai rubutawa, Sha'ibu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya gaji, babu Adamu ko a ɗaya.

Aliya, lokacin da na naɗi kaset na farko Sha'ibu ko wando bai fara sawa ba. Ana ma jin kukansa a ciki, Iya tana lallashinsa. Da akwai gurbin mai kuka, wannan kam ba zan yi jayayya da shi ba. Yanzu dangi sai barka suke ta yi masa, wai auta ya fitar da gida kunya. Ni ma na rubuta barka, ba don raina ya so ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Ga furfura a gemuna, ga ni ina kishin yaron da na goya a kafaɗa. Kada ki yi mini dariya, ko da yake na san kina yi. Gobe zan je biro ɗinsu, can ofishin ɗakin karatun, in ji yadda aka haihu a ragaya.

Ki gaida Baba da Inna da duk mutanen gida.

Naki,
Adamu

Damagaram, ranar Alhamis

Zuwa ga Aliya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin labarin cewa Baba ya fara zama da kansa, Allah ya ida sauƙin. Yaya naki jikin? Ki riƙa hutawa, kada mai jinya ta koma majinyaciya.

Na je. Na tafi da faɗa a bakina, sai na tarar babu wanda zan yi da shi. Wadda ke shigar da sunayen wata 'yar mutunci ce, Madam Rahama. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama kumfar bakina, sannan ta yi mini bayanin ƙa'idarsu. Ba sa sa sunan kowa da ji-ta-ji-ta, don an sha kawo musu sunayen waɗanda ba su tsinana komai ba. In mai muryar yana raye, zuwa suke yi su tambaye shi wa ya taimaka, da wane aiki, su naɗi amsarsa, abin da ya faɗa shi suke rubutawa. Ita da kanta ta je Gidimuni, Sha'ibu ya kai ta. Sai ta kunna mini hirar.

Ta tambayi Iya wa ya yi wannan aiki tare da ita. Iya ta yi shiru, can ta ce yaran nan ne. Aka ce su wa? Ta ce Sha'ibu, har tana 'yar dariya, ta ƙara da cewa auta sarkin rigima. Aka ce shi kaɗai? Sai Iya ta shiga korar kaji daga shanyar gero, maganar ta mutu a nan. Sha'ibu kuwa yana waje wajen mota. Madam Rahama ta ce ba wanda ya gaya mata akwai ɗan fari, da ta sani da ta gane shirun, don ita ma kakarta har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babanta ba.

Kin ga dai ba wani abu ne ɓoyayye ba. Kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, kowa ya sani. Tun da na buɗe ido Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, ko laƙabi ba ta yi mini ba. Ni ne “kai”, ni ne “wancan”. A ɗakin kaka na girma, ina leƙen Iya daga nesa. Ban taɓa ƙorafi ba, an ce mini ƙauna ce, na yarda. Amma na'ura ba ta san kunya ba, Aliya. Nan da shekara hamsin, wani a wata ƙasa zai buɗe wannan aiki ya ga Shatu da ɗanta Sha'ibu, shi ke nan. Kuma da na ji yadda sunan ya fito daga bakinta, sumul, ba nauyi ba komai, sai na gane ba yau na fara kishin nan ba.

Madam Rahama ta ce gyara mai sauƙi ne, amma sai Iya ta tabbatar da bakinta. Na ce a'a. Ba ni ne zan je in durƙusa gaban tsohuwa in ce ta karya abin da ta riƙe tun ƙuruciyarta ba. Sunan da sai na roƙa, a bar shi.

Da yamma Sha'ibu ya zo gida. Na tambaye shi ko ya ga yadda aka rubuta. Ya ce ya gani, amma bai ɗauke shi komai ba, ai duk gida ɗaya ne. Gida ɗaya ne mana, ga wanda sunansa ya fito! Ya tuna mini watannin da ya yi yana buga rubutuna a na'ura, yana fama da munin hannuna. Wannan gaskiya ne, ya yi, kuma gaskiyar ce ta ƙara ba ni haushi. Na ce masa kaset nawa ne, rediyo nawa ne, ya je ya karɓo mini kayana, a sauke komai daga intanet ɗin. Ya dube ni ya ce to muryar Iya fa? Na ce ta dawo akwati inda take. Ya tashi ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Har yanzu ban janye ba. Na san abin da za ki ce, ki ajiye shi sai kin dawo. Kuma don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Adamu

Damagaram, ranar Talata

Zuwa ga Aliya, maiɗakina kuma mai tona mini asiri,

Bayan gaisuwa, yaya Baba, yaya gida? Na gode Allah da aka ce an sallame shi. Bukar ya kawo saƙon ƙuli-ƙuli, na gode.

Na ce magana ta tsaya tsakaninmu, ashe tsakanin namu har da Inna Sa'a, ƙanwar Iya. Kada ki musa, ita da kanta ta gaya mini ke kika buga mata waya. Kin san kuwa abin da ya shiga kunnen Inna Sa'a ya shiga na yayarta. Zauna ki ji abin da kika jawo.

Jiya da hantsi Sha'ibu ya kira ni, murya a sanyaye, wai in zo biro, Iya tana can. Na zaci wasa yake. Iya da ko bikin jikarta ba ta zo Damagaram ba saboda gwiwa da jirin mota? Na je na tarar da ita zaune a tabarma, don ta ƙi kujera, fuskarta duk ta faɗa saboda wahalar hanya, Inna Sa'a a gefenta. Motar kasuwa suka hau tun da sassafe, ba su gaya wa kowa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙofa, kamar kullum.

Madam Rahama ta kunna na'urarta, ta sake tambayar wa ya naɗi muryoyin. Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zunguri ƙanwarta. Ashe abin da ta ɗauko ta ta yi ke nan, ta zo da bakin aro. Inna Sa'a ta gyara murya ta faɗi sunana da na mahaifina, da ƙarfi, kamar mai shela a kasuwa. Aka tambayi Iya ko haka ne. Ta gyaɗa kai. Aka ce na'ura ba ta jin gyaɗa kai. Ta ce, “Haka ne.”

Da aka zo kan wane aiki na yi, Inna Sa'a ta buɗe baki, Iya ta dafe mata gwiwa. Ita ta yi magana, kuma da faɗa ta yi ta. Wai wancan ya hana ta sakat shekara da shekaru. Tana niƙa yana tambaya, tana tankaɗe yana tambaya, ta faɗi tatsuniya ya ce ta sake wai batir ya mutu. Wai ta manta rabin waƙoƙin uwarta, nacinsa ne ya tono su. Ta ce, “Ki rubuta, duk abin da ke cikin kaset ɗin nan shi ya jawo. In laifi ne nasa ne.” Madam Rahama tana bugawa ina gani: mai naɗar murya, mai tambayoyi, mai rubutawa, duk Adamu. Sha'ibu kuma aka mai da shi gurbinsa na gaskiya, mai bugawa a na'ura da mai kawo kayan. Na fita waje don kada a ga idona.

Can Sha'ibu ya same ni a gindin bishiyar bedi. Na shirya in ba shi haƙuri, sai ya riga ni magana. Ya ce, “Yaya, ni sunana a bakinta yake tun safe har dare, ɗauko wannan, kai wancan. Amma da ni aka manta, wallahi ba za ta hau mota ba.” Ya faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba, kuma na san wannan kallo, shi nake gani a madubi duk makon nan. Na dafa kafaɗarsa. Maganar sauke kaset kuwa, ko tayar da ita ba a yi ba.

Na roƙi Iya ta kwana, ta ƙi, wai awakinta. Muka raka su tasha, na samar mata gaban mota. Har direba ya tayar ba ta dube ni ba. Sai da motar ta fara motsi na ji ta cewa Inna Sa'a, da ƙarfin da ta san zan ji, “Ki ce masa ya rame. Ya riƙa cin abinci.”

Ki dawo, Aliya, tun da Baba ya samu sauƙi. Ki gaida shi da Inna da duk mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Adamu