Baba da kwamin da babu shanu

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina gajiyar Abijan? Yaya Hajo da yara? Mu nan Isawan sai godiya, ko da yake jar dawar da sojoji ke rabawa ba ta isar mu.

Maganar Baba ce. Tun da saniyarshi ta ƙarshe ta faɗi a farin nan, ƙafafunshi suka riƙe, ya bar magana. Na kai shi gidan likita a Mayahi cikin amalanke. Majo, babban malamin asibitin, ya duba shi, ya ce jikinshi lahiya lau, baƙin ciki ne ya sauka ƙafa. Ko ƙwaya bai ba mu ba. Ya ce mu maida hannunshi ga aikin da ya saba, muna yi mishi hira.

Sai muka riƙa ɗaukar shi zuwa rijiya. Ya ja guga, ya zuba a kwamin shan ruwan dabbobi, yana kiran shanun da sunansu. Wallahi Yaya, har ya miƙe tsaye!

To, rijiyar ta ƙafe. Yanzu yana zaune tsakar gida yana jan igiyar da babu, yana tambayata ko sun sha. Nakan ce sun sha.

Ka sa mu addu'a, ni kam ƙarfina ya ƙare. Ka gaida mutanenmu na can.

Ƙanwarka,
Rabi